Babban Borin Jini da Allurar da Ya Kamata a Ajiye a Makaranta

Jama'a, babu wanda bai san borin jini ba. Mutum ya ci wani abu, ko ya sha wani magani, sai ka ga jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, yana ta susa. Bayan awa biyu, ko kwana ɗaya, abin ya kwanta a manta da shi. Mafi yawan borin jini haka ya ke, ba ya kisa. Amma akwai wani iri wanda ba ya tsayawa a fata. Ya kan shiga maƙogwaro da huhu da hanyoyin jini, ya kashe lafiyayyen yaro kafin a gama tuƙa tuwo. Likitoci suna kiransa anafilaksis. Mu a nan bari mu riƙa ce masa babban borin jini.

Maganinsa sananne ne, allura ce, kuma tana aiki nan da nan. Wahalar ɗaya ce kurum. Sa'ad da ciwon ya taso, ina allurar ta ke? In tana asibiti, yaro kuwa yana makaranta, to, sau da yawa ba su haɗuwa. Saboda haka ne iyaye a ƙasashe da dama suka tashi suka nemi a kafa doka, a tilasta wa kowace makaranta ta ajiye wannan allura. Ga yadda abin ya faru, ga kuma dalilin da ya sa na ke ganin suna da gaskiya.

Abin da ya faru a Bajiniya

A watan Janairu na 2012, a jihar Bajiniya ta ƙasar Amurka, akwai wata yarinya 'yar shekara 7, tana aji ɗaya na firamare. An san jikinta ba ya shiri da gyaɗa. Ran nan an fita tara, sai wata ƙawarta ta ba ta gyaɗa ta ci. Ita ƙawar ba ta san kome ba, alheri ta yi nufi. Ba a jima ba jikin yarinya ya fara bori, numfashi ya fara yi mata wuya. Aka kai ta ɗakin duba marasa lafiya na makarantar, aka kira motar asibiti. Kafin motar ta iso zuciyarta ta tsaya. Aka yi iya ƙoƙari, ba ta tashi ba.

Ku lura, wannan makaranta ce mai ɗakin magani, mai wayar tarho, a ƙasa mai motocin asibiti da hanyoyi masu kwalta. Duk da haka an rasa yarinya. Ƙa'idar wurin a lokacin ita ce iyaye su kawo maganin ɗansu da sunansa a rubuce, kuma ba a yi wa yaro allurar da aka rubuta wa wani. Ita kuwa ba ta da tata a makaranta. Makaranta kuma ba ta da wata allura tata ta kanta wadda za a yi wa kowane yaro.

Mutanen jihar suka ji zafin abin ƙwarai. A watan Afrilu na wannan shekara Gwamna Bob McDonnell ya sa hannu a dokar da ta ce lalle makarantun gwamnati su ajiye allurar, su kuma sami ma'aikatan da aka koya wa yin ta. Wata uku da 'yan kwanaki ke nan tsakanin mutuwar da dokar.

Yadda ciwon ya ke aiki

A cikin jinin kowane mutum akwai masu gadi. Aikinsu su gane ƙwayoyin cuta in sun shigo, su yaƙe su. Ba don su ba, da ƙaramin ƙurji ma ya isa ya kashe mu. To, a jikin waɗansu mutane masu gadin nan su kan yi kuskure. Baƙon kirki ya shigo, kamar gyaɗa ko ƙwai, sai su ɗauke shi ɓarawo. Su yi kururuwa, su zubo waɗansu sinadarai cikin jini, babbansu a na kiransa histamin. In kaɗan suka zubo, a fata, shi ne borin jinin da mu ka sani. In kuwa suka zubo da yawa, ko'ina a jiki, lokaci guda, to, gari ya kama wuta a garin neman ɓarawon da babu shi.

Abu uku ne su ke faruwa. Naman maƙogwaro da harshe ya kumbura, hanyar iska ta ƙuntata. Ƙananan hanyoyin iska na cikin huhu su matse, kamar na mai asma. Hanyoyin jini kuma su saki, su buɗe, ruwan jini ya riƙa tsiyaya zuwa cikin nama. Ku dubi mai ban ruwa a fadama. In lambatunsa ya fashe a wuri goma, kome yawan jigon da ya ke ja, ruwa ba ya isa fangalin ƙarshe. Haka zuciya ta ke bugawa, amma jini ba ya isa ƙwaƙwalwa. Sai jiri, sai suma.

Waɗansu masana biyu na Faransa, Charles Richet da Paul Portier, su ne suka fara gane wannan abu a 1902. Suna gwaji da dafin wata halittar teku. Suka yi wa kare allurar dafin kaɗan, bai mutu ba. Bayan 'yan makonni suka sake yi masa ɗan kaɗan, suna tsammani jikinsa ya saba, ya sami kariya. Ashe akasin haka ne. Kare ya faɗi, cikin kamar rabin awa ya mutu. A 1913 aka ba Richet lambar Nobel saboda wannan bincike. Labarin karen nan yana da amfani gare mu. Haɗuwar fari ta kan wuce shiru, masu gadi suna shiri ne kurum. A wata haɗuwar ce su ke far wa jiki. Don haka maganar nan da a kan yi, wai ai zuma ta taɓa harbinsa ba abin da ya same shi, ba hujja ba ce.

Abubuwan da suka fi kawo shi ga yara su ne gyaɗa, da madarar shanu, da ƙwai, da kifi, da jatan lande, da 'ya'yan itace masu ɓawo irin ƙwallon yazawa, da alkama, da waken soya, da riɗi. Sa'an nan akwai harbin ƙudan zuma, da rina, da zirnaƙo. Akwai kuma waɗansu magunguna, musamman fenisilin da danginsa.

Yadda a ke gane shi

Ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, da kumburin leɓe ko fatar ido, su kan zo da fari. Waɗannan kaɗai ba su ne abin tsoro ba, amma gargaɗi ne a sa ido. Abin tsoro shi ne in murya ta dushe, ko harshe ya kumbura, ko haɗiya ta gagara, ko yaro ya kama tari ba tsayawa, numfashinsa yana fito. Ko kuwa ya yi laushi, jikinsa ya yi sanyi, ya ce yana ganin jiri, ya faɗi. Waɗansu su kan yi ta amai da murɗar ciki. Ƙaramin yaro bai san ya ce maƙogwarona ya kumbura ba. Sai dai ya ce harshensa ya yi nauyi, ko wani abu ya maƙale masa a wuya. Akwai ma waɗanda ba a ganin kome a fatarsu ko kaɗan, sai faɗuwa kurum. Irin waɗannan ne a kan ce farfaɗiya ce, ko iska ce ta taɓa su, a tsaya a na fifita, lokaci yana wucewa.

Lokacin kuwa gajere ne. Wani likita a Ingila ya bi labarin mutanen da wannan ciwo ya kashe, ya buga abin da ya samu a shekarar 2000. Ya ga daga cin abincin zuwa tsayawar numfashi ko zuciya, tsaka-tsakin lokacin minti 30 ne. In harbin ƙwaro ne, minti 15. In magani ne aka yi wa mutum a asibiti, minti 5. To, kowa ya auna da kansa. Daga makarantar garinku zuwa asibiti mafi kusa, minti nawa ne? Ku haɗa da neman hedimasta, da neman mai babur, da neman mai, da rafin da ya kan cika da damina.

Allurar

Sunan maganin adirenalin. A Amurka su kan ce efinefirin, duk abu ɗaya ne. Ba baƙon abu ba ne a jikin mutum. A bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka, kamar an ɗora mata hula, ita ke yin sa. Ka taɓa yin kiciɓis da maciji a gona, ka ji gabanka yana dakan uku-uku, ka tsallake kunyar da ba ka taɓa tsallakewa ba? Aikin adirenalin ke nan. A 1901 wani masani mutumin Japan, Jokichi Takamine, ya fito da shi tatacce daga jikin dabbobi, ya zama magani.

Duk ɓarnar da babban borin jini ya ke yi, adirenalin yana warware ta. Yana matse hanyoyin jini da suka saki, yana buɗe hanyoyin iska, yana rage kumburi, yana ƙara wa zuciya ƙarfi. A cinya a ke yin sa, a tsokar gefen waje, tsakanin ƙugu da gwiwa. Cikin 'yan mintoci a kan ga sauƙi. In an yi minti 5 ba a ga sauƙi ba, a kan ƙara na biyu. Shi ya sa a ke son a ajiye biyu, ba ɗaya ba.

A asibiti yana zuwa cikin ƙaramar kwalba, malamin asibiti ya fasa ya zuƙa da sirinji gwargwadon girman mutum. Amma an ƙera wata iri domin wanda bai koyi aikin asibiti ba. Kamarta kamar babban alƙalami. An riga an auna maganin a ciki, tsinin allurar kuma a ɓoye ya ke. Sai a cire murfi, a danna a cinya da ƙarfi, ko ta bisa wando ne, a riƙe 'yan daƙiƙoƙi. Wadda aka fi sani sunanta EpiPen, an yarda da ita a Amurka a 1987. Akwai ƙarama mai miligiram 0.15 ta yaro mai nauyin kilo 15 zuwa 30, da babba mai 0.3 ta wanda ya wuce haka. A 2024 kuma Amurka ta yarda da wata iri wadda a ke fesawa a hanci, ba tsini.

Ga wani abu da na ke so ku riƙe. Piriton da danginsa suna kwantar da ƙaiƙayi, amma ba su buɗe maƙogwaro, ba su ta da jinin da ya faɗi, kuma su kan daɗe kafin su fara aiki. Kada a dogara da su. Kada kuma a ɗura wa yaro manja ko nono, wanda maƙogwaronsa ya kumbura sai ya shaƙe. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ya fi yi masa wuya a kwance, a bar shi ya zauna, ƙafafu a miƙe. In ya suma, a kwantar da shi a gefe. Kada a tsai da shi, kada a ce ya taka zuwa ofis, domin an sha ganin mutum ya mutu nan take don an miƙar da shi tsaye. Ko ya ji sauƙi bayan allura, lalle a kai shi asibiti, a kwance in da hali, gama ciwon ya kan komo bayan 'yan awoyi.

Don me ba za a bar wa iyaye ba?

Wani zai ce, wanda ɗansa ke da ciwon ya saya masa allura ya kai makaranta mana, me ya kawo doka? Da ma haka a ke yi a Amurka, aka ga bai isa ba. Babban dalili shi ne yara da yawa a makaranta ciwon ya ke fara kama su. Iyayen ba su sani ba, balle su sayi magani. A jihar Masacusets an duba yaran da aka yi wa allurar a makarantu, aka ga kamar ɗaya cikin huɗu ba wanda ya san suna da ciwon. A birnin Shikago, inda wata yarinya 'yar shekara 13 ta mutu a Disamba 2010 bayan ta ci abinci mai gyaɗa a wani bikin aji, hukumar makarantu ta rarraba allurar ga makarantunta. A shekarar karatu ta 2012 zuwa 2013 an yi amfani da ita sau 38. Fiye da rabin waɗanda aka yi wa, wannan ne karonsu na fari. Da an tsaya jiran allurar iyaye, da wa zai kawo musu?

Bayan wannan, akwai wanda ya sani amma ba shi da kuɗin saye. Akwai wanda ya saya, yaro ya manta da ita a gida. Akwai kuma wanda tasa ta lalace ba a lura ba. A 2017 wani yaro ɗan shekara 13 ya mutu a Landan bayan wani ɗan makarantarsu ya jefe shi da cuku, shi kuwa jikinsa ba ya shiri da madara. Da aka yi bincike sai aka tarar allurar da aka ajiye masa a makaranta guda ɗaya ce, kuma ranarta ta wuce da kusan shekara guda.

Izini dabam, tilas dabam

Dokokin da aka yi ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne gardamar ta ke. Lardin Ontariyo na Kanada ya yi tasa a 2005, bayan wata yarinya 'yar shekara 13 ta mutu a 2003 don ta ci soyayyen dankalin da ya taɓa cuku a ɗakin cin abinci na makaranta. Dokar ta ce kowace makaranta ta rubuta sunayen yara masu ciwon, ta shirya abin da za a yi wa kowane, a kuma riƙa koya wa malamai. Ingila a ranar 1 ga Oktoba 2017 ta ba makarantu izini su sayi allurar ajiya ba sai da takardar likita ba. Amma wannan doka ta 2017 izini ta bayar, ba ta tilasta ba.

A Amurka kowace jiha ita ke yin dokar makarantunta. Waɗansu sun ba da izini kurum. Waɗansu, kamar Bajiniya a 2012, da Nebada da Mishigan a 2013, da Kalifoniya a 2014, sun ce tilas. Ranar 13 ga Nuwamba 2013 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a wata dokar tarayya. Ita ba ta tilasta wa jihohi ba, dabara ta yi. Ta ce in za a raba waɗansu kuɗin taimako na yaƙi da asma, za a fifita jihar da ta tilasta wa makarantunta ajiye allurar. A wurin sa hannun ya faɗa wa mutane cewa ɗaya daga cikin 'ya'yansa ma jikinta ba ya shiri da gyaɗa.

Ni dai a ganina tilas ɗin ya fi. Na koyar a aji, na san yadda makaranta ta ke. Hedimasta yana da rufin da ke yoyo, da bencina da suka karye, da alli da ya ƙare. In aka ce masa, in ka ga dama ka sayi allurar da watakila ba za a taɓa ta ba har ta lalace, me ku ke tsammani zai yi? Ba mugunta ba ce. Abin da ke gabansa yau shi zai fara biya. Izini ya kan amfani makarantar masu hali da wadda ta taɓa rasa yaro. Tilas ne ke kai allura makarantar ƙauye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Har wa yau doka tana yin wani aiki wanda ya kusa fin sayen allurar, watau tana sakin hannun malami. Malami yana tsaye, yaro yana shure-shure, allura tana cikin akwati, amma yana tsoro. In na yi masa ya mutu, za a ce ni na kashe shi. Dokokin nan sun ce wanda aka koya masa, ya yi da kyakkyawar niyya, ba a kama shi da laifi. In babu wannan, allurar ado ce kurum.

Abin da masu ja su ke faɗi

Na farko kuɗi, kuma ba ƙarya suka yi ba. A Amurka kwalin EpiPen mai guda biyu ya tashi daga wajen dala 100 a 2007 zuwa wajen dala 600 a 2016, har majalisarsu ta kira shugabar kamfanin ta yi bayani. Ga shi kuma ba ta daɗewa, shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi sai a sake saye. Amma ku sani maganin kansa ba shi da tsada, alƙalamin ne ke da tsada. Dokar da ta ce tilas ba ta ce ga inda kuɗi zai fito ba, rabin doka ce.

Na biyu su kan ce, in malami ya yi kuskure fa, ya yi wa yaron da ba wannan ne ciwonsa ba? In a cinya aka yi, da awon da ya dace, abin da ya kan biyo baya shi ne bugun zuciya, da rawar jiki, da ɗan ciwon kai, su wuce bayan ɗan lokaci. Ku ɗora wannan a mizani ɗaya, ku ɗora mutuwa a ɗayan. Shi ya sa likitoci su ke cewa in alamun sun nuna, a na kokwanto, gara a yi.

Mu fa?

Kada wani ya karanta wannan ya koma gida ya hana 'ya'yansa ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa. Ba haka a ke nufi ba. Wani bincike da aka yi a Landan da jarirai 640, aka buga a 2015, ya nuna waɗanda aka fara ba abinci mai gyaɗa tun suna ƙanana sun fi tsira daga borin gyaɗa nesa ba kusa ba, an sami ragi kamar kashi 80 cikin 100. A Gana kuma an gwada 'yan makaranta, aka ga da yawa jininsu yana nuna alama, amma kaɗan ne ƙwarai gyaɗar ke yi wa wani abu in sun ci. Ashe kunun da iyayenmu mata su ke ba yara yana da amfanin da ba su sani ba. Wanda aka ga gyaɗa ta taɓa kumbura shi, shi ne za a hana, a kuma kai shi wurin likita.

Amma kada wannan ya sa mu saki jiki. Zuma tana nan a kogon kukar da ke bayan aji, rina tana gini a ƙarƙashin rufi. A 2016 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da 'yan firamare, inda aka riƙa ba yara ƙwai da kifi, waɗansunsu ba su saba ci a gida ba. Ga makarantun kwana, inda yaro ya ke wata uku ba uwa ba uba kusa, kowa yana cin abin da aka dafa a tukunya ɗaya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dokar Bajiniya ba za ta zauna mana daidai ba in an kwafo ta yadda ta ke. Allurar alƙalami ƙasashe masu arziki ne suka fi samunta, a wajenmu wuyar samu gare ta, ga tsada. Amma adirenalin na kwalba muna da shi. Yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata a rasa su ba. Ma'aikatan rigakafin da ku ke gani ma an tsara su riƙa tafiya da shi cikin akwatinsu, don ko da wani ya yi bori bayan allura. Sai dai na kwalba ba na kowa ba ne. In aka zarce awo, ko aka yi shi a jijiya, yana da haɗari. Lalle sai hannun da aka koya wa.

Saboda haka dokar da za ta dace da mu sai ta bi girman makaranta. Makarantar kwana, da babbar makaranta mai ɗakin marasa lafiya, a tilasta mata ta ajiye adirenalin da sirinji da takardar awo a manne a bango, ta kuma sami ma'aikacin lafiya wanda ke kwana a cikinta. Ƙaramar makarantar ƙauye a haɗa ta da ɗakin shan magani mafi kusa, a tabbata shi yana da maganin, lambar wayar malamin asibiti tana rubuce a bangon kowane aji. Wadda ta yi nisa da kowane asibiti, ita ce ta fi cancanta a saya mata ta alƙalami, a koya wa malamai biyu ko uku, don in ɗaya ya tafi kasuwa a sami wani. Ranar da a ke ɗaukar yaro a makaranta kuma a tambayi mahaifinsa, akwai abincin da ke kumbura shi? Zuma ta taɓa sumar da shi? A rubuta. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Sa'an nan ga zafi. Masu yin maganin sun ce a ajiye shi inda zafi bai wuce awo 25 ba, a cikin kwalinsa, ba a hasken rana ba. Mu kuwa da bazara a kan wuce 40. Kada a bar shi a taga, ko ƙarƙashin kwanon da ba silin, ko cikin mota. A nemi ɗakin da ya fi sanyi. Ruwansa garau ya ke kamar ruwan sha, in ya koma ja-ja ko ruwan ƙasa, ko ya yi gurɓi, ya lalace. Kada kuma a kulle shi a ofishin hedimasta, mabuɗi ya tafi taro a hedkwata. Jagorar da Ingila ta ba makarantunta a 2017 ta ce kada a kulle, kuma ya zama inda za a iya kawo shi cikin minti 5.

A 2006 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fitar da takardar manufa a kan lafiyar 'yan makaranta. Manufa kuwa nuni ce, doka ita ce mai haƙori. Majalisar dokokin jiha tana da ikon yin doka a kan makarantun jiharta, kuma kowace mazaɓa tana da wakili a can. A ƙasashen da na ambata iyaye ne suka riƙa kai kuka, da baki da takarda, har 'yan majalisa suka saurara. Mafi yawansu sai da suka binne ɗa tukuna.

Kafin a kai ga majalisa, akwai taron iyaye da malamai. Wanda ya je, ya roƙi a buɗe akwatin taimakon farko a gaban jama'a. A ga abin da ke ciki. In akwai kwalba, a ɗaga ta a haske, a karanta wata da shekarar da aka buga a jikinta. A tambayi hedimasta, in zuma ta harbi yaro yau ya faɗi, wa za a kira, kuma minti nawa zai yi kafin ya iso? In ya ba da amsa, a sa magatakardan taro ya rubuta, da sunan malamin da zai riƙa duba akwatin a farkon kowane zangon karatu.